Mutum Takwas a Motar Likita Sabo

A Dogon Dutsi, in ka bar tasha ka nufi arewa, akwai wata bishiyar dogon yaro da tsofaffin tayoyi suka yi wa zobe. Nan ne wurin Is'haƙa mai faci. Shekara talatin da wani abu ke nan yana zama a gindinta, har bishiyar ta yi kauri, shi ma ya yi.

Haifaffen Tibiri ne. Mahaifinsa manomin gero ne, ya kuma so ɗansa ya gaji gona, amma Is'haƙa tun yana saurayi ya fi son abin da ke birgima. Ya fara da facin keke ranar kasuwa. Daga baya ya ƙetara Birnin Kebbi ya yi shekara shida a hannun wani mai gyaran tayoyin manyan motoci, ya dawo gida da guduma, da ƙarafan ɓanɓare taya guda biyu, da yatsu tara. Na goman wata tayar tirela ce ta tafi da shi ranar da ta fashe. Ba ya ba da labarin. In an matsa masa sai ya ce ya bar shi ajiya a Kebbi.

Gidansa na bayan bishiyar. Matarsa Sahura fura take dakawa ta sayar, saboda haka ƙarar gudumarsa da ta taɓaryarta tare suke tashi da safe, tare suke yin shiru in rana ta take. Yana da injin ba da iska da ma'auninsa, amma kafin ya dubi allura sai ya mari taya da tafin hannu ya kasa kunne. Abin da direbobi suka fi saninsa da shi kuwa shi ne ba ya auna mota tana wofi. Ya ce motar da ba kowa cikinta ƙarya take yi.

Aikin da aka fi tunawa da shi a wurin nan shi ne na motar Likita Sabo.

Sabo ba likitan mutane ba ne. Ma'aikacin dabbobi ne da ya yi shekaru yana bin rugage yana yi wa shanu allura. Tun yana da ƙarfi ya sayi wata mota ƙirar Amirka a hannun wani Bature mai haƙar rijiyoyi da zai koma ƙasarsu. Ƙofa biyu gare ta, hancinta ya kai tsawon gadon kwana, in an tashe ta kuwa kaji barin unguwar suke yi. Mutanen gari suka sa mata Doguwa, sunan wata iska ta 'yan bori. Bayan Sabo ya ajiye aiki sai ta hau duwatsu a tsakar gidansa, ta yi shekara goma sha biyu awaki na kwana a ƙarƙashinta.

A wata bazara ɓarin jikin Sabo na hagu ya shanye. Ana cikin jinyarsa sai saƙo ya zo daga Sukukutane: yayarsa Ajuma, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, ta kwanta, ta daina cin tuwo, kuma shi take tambaya. Motocin hayar da ke zuwa can dogaye ne masu buɗaɗɗen baya, ba zai iya hawansu ba. Babur kuwa ba a ma yi maganarsa ba. Motarsa ce kaɗai kujerarta ke ƙasa-ƙasa da faɗi, yadda za a zaunar da shi a miƙe masa ƙafa. Ya ce a ciki za a kai shi ya ga Yaya tun tana iya gane shi.

Ɗansa Mukhtar, mai shagon wayoyi a bakin kasuwa, saurayi mai gemu da ɗagaggen wando, ya sa wani bakanike mai suna Kamal ya tayar da injin cikin kwana uku. Saura tayoyi. Na dā sun ruɓe, kuma ko da suna da rai sirara ne, rairayin hanyar Sukukutane zai haɗiye su. Mukhtar ya aika Kebbi aka sayo masa tayoyi huɗu masu faɗi tare da jantinsu, wato ƙarfen da taya ke zama a kai. Aka janyo motar zuwa gindin dogon yaro.

"Baba Is'haƙa, ga su nan," in ji Mukhtar. "Na auna, na kuma duba a waya. Yatsa biyu ne tsakanin taya da jikin mota. Ya isa."

"Yatsun wa, Ustaz? Naka ko nawa? Ni nawa ba su cika ba."

Is'haƙa ya ɗaura tayoyin, ya sauke jak, ya ja baya ya duba. Motar ta yi kyau. Ta zauna daram kamar sa mai ƙoshi, tayoyin baya sun leƙo kaɗan daga jikinta.

"Mutum nawa za su shiga Doguwa?"

"Don Allah, Baba, a bar kiranta da sunan nan."

"To, na bari. Mutum nawa?"

"Uku. Ni, da Baba, da ƙanwata Rumaisa'u da za ta kula da shi."

"Uku daga ƙofar gida. Ni daga bakin gari nike tambayarka."

Wanda bai san ƙasar nan ba sai an yi masa bayani. A hanyoyin daji na Arewa mota ba ta wuce mai tafiya a ƙasa in akwai inda za a cusa shi. Wanda ya wuce ɗan'uwa da kujera a wofi, labarin zai riga shi isa ƙauye, kuma zai daɗe bayan an manta kalar motar.

Mukhtar ya ce, "Ba zan tsaya ba. Mara lafiya na ɗauko."

"Kai ba ka tsayawa. Shi fa? Wagga hanya ba rugar da bai sha nono ba. Ka taɓa ganin Likita ya wuce mutum?"

Mukhtar ya sosa gemu.

Is'haƙa ya jiƙa farar ƙasa a gwangwani, ya kwanta ya shafe bakin ƙarfen da ya rufe saman kowace taya ta ciki. Ya rage wa tayoyin iska yadda ake yi kafin a shiga rairayi, domin taya in ta yi laushi tana yin ciki ta gefe. Sannan ya leƙa tasha ya kirawo mai shayi, da mahauci, da direbobin da ke dara a inuwa. Ya zaunar da uku, aka zaga aka tsallaka wani kwari da ke bayan tasha aka dawo. Tayoyi baƙi ƙirin. Mukhtar ya yi murmushi. Is'haƙa ya ƙara mutane har takwas, biyu a cikin but da murfinsa a buɗe, aka sake zagawa. Wannan karon kowace tayar baya ta dawo da farin zobe a kafaɗarta. A ta hagu ma ƙarfen ya fara yankar roba.

"Ga shi nan ta faɗi gaskiya," in ji Is'haƙa. "Nan gari zobe ne. Cikin daji da zafin rana, kafin rabin hanya ta yanke. Sai ka zauna da tsoho a rana kana duba waya."

Kamal ya ce abu mai sauƙi ne, a kawo injin yankan ƙarfe a zaftare bakin. Mukhtar ya kira gida, aka sa wa Sabo waya a kunne. Harshensa ya yi nauyi, amma "a'a" ɗinsa ta fito har mai shayi ya ji. Aka ce to a ƙara ƙarfen sifirin a baya don motar ta ɗaga. Is'haƙa ne ya ƙi wannan. Ya ce za ta yi tauri, kowane rami sai ya sauka a ƙugun mara lafiya.

Ya shiga gida ya fito da taɓarya, Sahura na biye da shi, hannunta fari da gari.

"Malam, yau kuma mota za ka daka?"

"Aro ne."

"Wancan bokitin ma aro ne. Shekara biyar yana cike da ruwan faci."

Ya sa aka tura motar cikin rana, aka bar ta har ƙarfe ya yi zafin da hannu ba ya zama a kai, don kada fenti ya tsage. Sannan ya cusa taɓaryar tsakanin taya da bakin ƙarfen, ya danne ta da ƙirji, ya ce a tura motar a hankali, gaba kaɗan, baya kaɗan. Taɓarya na birgima, bakin ƙarfen na lanƙwashewa ciki, ba guduma ba ƙara. Daga waje ba abin da ya sauya. Ya yi ɓari ɗaya kafin azahar, ɗayan bayan la'asar, gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan roba. Sahura ta karɓi taɓaryarta, ta dubi baƙin layin da ya zagaye ta, ta ce yau furar garin nan za ta yi gudu.

Aka sake shafa farar ƙasa, aka sake tara mutane. Da takwas, tayoyi suka dawo baƙi. Ya ƙara na tara, farin zobe ya dawo.

"Takwas, Ustaz. Kada ka ƙara ko ɗaya. Buhu mutum ne. Rago rabin mutum."

Da zai rufe wurin sai ya ce zai bi su da famfon hannu, don a rage iska a kuma mayar da ita a inda ya kamata. Shi ne karo na farko cikin shekaru da dogon yaron ya wuni ba kowa a gindinsa.

Suka tashi da hantsi su huɗu. Sabo na gaba an tokare shi da matasai, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Is'haƙa da Rumaisa'u na baya. Ba su gama fita gari ba sandar ta bugi ƙasan mota, alamar a tsaya. Wasu mata biyu ne, dangin matar Sabo, za su gaisuwar mutuwa a wani ƙauye na hanya. Mukhtar ya dubi madubi, Is'haƙa ya ɗaga masa yatsu shida. Gaba kaɗan sandar ta sake bugawa: wani mushen lakkol ne, wato malamin makaranta, zai koma bakin aikinsa da buhun shinkafa. Aka sa shi a but shi da buhunsa.

"Mun cika, Baba," in ji Mukhtar. "Daga nan sai Sukukutane."

Sabo ya gyara sandarsa tsakanin gwiwoyi.

Inda burji ya ƙare rairayi ya fara, suka tsaya a gindin wata aduwa. Is'haƙa ya fita ya rage iska taya bayan taya, yana marinsu yana saurare. Yana kan ta ƙarshe sai ga wani tsoho ya taso daga inuwa, da malfa da gora, yana jan ƙafa. Hashim ne, makiyayi, wanda Sabo ya yi wa shanunsa allura tun suna samari. Ya zo asibiti a kan ciwon gwiwa, ya kwana biyu yana jiran motar komawa. Ya leƙa ta taga ya gane mai kujerar gaba.

"Likita, kai ne haka?"

"Ni ne, Hashim. Shiga."

Mukhtar ya zagayo ya durƙusa a gefen mahaifinsa. "Baba, an auna. In ya shiga, taya za ta yanke. Ba mu isa wurin Gwaggo yau."

Sabo ya dubi ɗansa, ya dubi Hashim. Ya sa hannunsa mai lafiya ya fara laluben mabuɗin ƙofa. Kowa ya gane abin da yake nufi: in Hashim bai shiga ba, shi ma ba ya tafiya. Matan nan biyu suka fara tattara zannuwa za su sauka, ya girgiza musu kai. Wanda ya riga ya shiga ba a sauke shi.

Is'haƙa ya miƙe daga gindin taya, ya kakkaɓe gwiwoyinsa. Ya dubi Hashim daga malfa har takalmi kamar mai sayen rago.

"Baffa, na fi ka nauyi da kusan kwano goma. Shiga wurina."

"Baba Is'haƙa, nan daji ne," in ji Mukhtar.

"Na ga daji, Ustaz. Aikin da ya kawo ni na gama." Ya miƙa masa famfo. "In kun dawo nan, bugu hamsin-hamsin kowace taya kafin ku hau burji. Cikin rairayi kada ka taka birki, kada ka saki mai. In ta fara rawa ka bar ta ta yi."

Sabo ya kama hannunsa ta taga ya riƙe. Ya so ya yi magana, harshe bai ba shi ba. Is'haƙa ya ce, "A gaida Iya Ajuma, Likita," ya zare hannunsa, ya mari jikin motar.

Ya tsaya yana kallo. Motar ta shiga rairayi ta ɗan nutse, sannan faffaɗan tayoyin suka ɗauke ta, ta bi gangare tana lilo, ta hau tudu na farko, mushen lakkol na riƙe da murfin but da hannu biyu. Ta bar layi biyu masu faɗi a kan yashi, ba zurfi. Ya durƙusa ya sa tafin hannu a cikin ɗaya ya ga iya nutsewarsa, ya gamsu. Ya zauna a inuwar aduwa har wata amalanken itace ta zo, ya hau samanta, jaki ya kai shi gida gab da magariba.

Sauran labarin a bakin Mukhtar aka ji shi bayan kwana huɗu. Sun isa kafin la'asar, tayoyi lafiya. Aka ɗauki Sabo a kujera aka shigar da shi ɗakin Ajuma. Ta daɗe tana shafa fuskarsa, sannan ta ce ya tsufa, kuma ya zo mata hannu wofi ko goro babu. Ta sa aka dama kunu, ta ce sai ya sha tukuna ita ma ta sha. Suka sha a ƙwarya ɗaya, ita ke riƙe masa ludayi.