Katangar Da Ta Cinye Mana Gida

A shekarun da tattalin arziki ya durƙushe, ni ma'aikacin ofis ne haifaffen unguwar New Bell a Douala, mai taye a wuya, mai ganin duk zuriyarmu ba wanda ya kai shi boko. Da aka rage ma'aikata, sai na koma gidanmu na gado ina zaman kashe wando. Kakanmu ne ya gina gidan, mahaifiyata kuma tana ɗakin da aka kawo ta tun tana amarya, da mangwaron da ta dasa a ƙofarsa.

Na tarar baffana yana shari'a da maƙwabcinmu, wani ɗan kasuwa daga Kano, a kan katangar da ta shigo mana da kamu ɗaya. Dattawan unguwa sun riga sun sasanta su, saura a janye ƙara. Ni kuwa da ba a nemi shawarata ba, sai na ji an raina ni. Wani lauya a unguwar Nkololoun ya ce doka ta yarda mai haƙƙi ya shiga shari'ar da ba shi ya kai ba, don ya kare rabonsa. Mahaifiyata ta roƙe ni in bari, ta ce kakanmu bai taɓa kai maganar gidan nan gaban hukuma ba, kuma ba banza ba. Na ce mata zamanin tsoro ya wuce.

A gaban alƙali, cikin Faransancin da nake taƙama da shi, na nemi kowa ya kawo takardar mallaka. Ashe ba mai ita, har mu. Filin na wasu 'yan asalin Douala ne, kakansu ya ba kakanmu izinin zama da fatar baki. Labari ya kai ga jikokinsa, waɗanda su ma babu ta matse. Ta ƙofar da na buɗe suka shigo shari'ar, su da takardarsu a hannu, aka tashe mu duka har maƙwabcin.

Baffana da ɗan kasuwar suka kama haya kusa da kasuwar Grand Hangar, yau kwano ɗaya suke ci. Mahaifiyata ta koma wurin ƙanwata. Ni na ƙare a ɗaki guda a wata unguwa da ake kira Village, ba mai ƙwanƙwasa mini ƙofa ko ranar sallah. Ba wanda ya zage ni, da ma an zage ni na huta. In na shiga tsohuwar unguwarmu na yi sallama da Hausa, sai a amsa mini da Faransanci.

Jama'a, in kuka ga manya sun kama bakinsu a kan wata magana, ku tambayi dalili kafin ku kai ta kotu. Ni tun ranar ban sake samun sukuni ba. Mahaifiyata har ta rasu ba ta taɓa yi mini gori ba. A ciwonta na ƙarshe dai ta tambaye ni ko mangwaronta ya yi 'ya'ya bana. Na ce ya yi, alhali a gabana aka sare shi.