Buhu Biyu da Rabi

Ɗiyar ƙanwata ta yi lakwal ne, wato makarantar bokon Faransanci, a tsallaken iyaka, wajen Maraɗi, kafin ta dawo hannuna a Jibiya ta gama sakandare. Ubanta mutum ne mai magana ɗaya. Ya ce jarrabawar shiga jami'a sau ɗaya zai bari ta zauna, in ta faɗi ta koma tsaron shagonsa. Ni kuwa, tsohon malamin lissafi, na bugi ƙirji na ce a bar ni da ita.

Bayan la'asar muke zama a zaure, manyan motoci na wucewa zuwa boda. Lissafin ragi na kaso cikin ɗari muka fi yi, kuma ba ta kuskure. Har na fara cika baki a majalisa.

Ana saura mako guda a yi jarrabawar, tabarau ɗina ya karye. Na miƙa mata wata tambaya da na rubuta: ɗan kasuwa yana tsallakar da buhun wake 2,500, da aka rufe boda kayansa suka ragu da kashi ashirin cikin ɗari. Ta rubuta 2,000 kamar kullum. Na ce ta karanta mini, ba na gani.

"Buhu biyu, Kawu."

"Biyu me?"

"Biyu ɗai. Da shina da biyu da rabi, rabin ya tahi."

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na nuna waƙafin da yatsa, na ce wannan fa?

"Birgil ne. Haka munka koya a lakwal."

Ashe a can waƙafi shi ne ɗigon da ke raba cikakkiyar lamba da ɓarinta. Inda nake ganin dubbai, ita 'yan ƙwaya take gani. Amsarta da tawa kamanninsu ɗaya a takarda, shi ya sa ban taɓa kamawa ba. Na rubuta 1,200 a cire 300, ta dube ni ta ce ai ba ya cirowa. Wallahi tsoro ya kama ni.

Ta sake duban takardar. Sai ta ce a hankali, "Ni ko kullum tausai nike ji, Kawu, in ce mutanen cikin tambayoyin ga talakawa ne." Ta ɗago kai. "Mako guda ya isa in koyi dubu?"

Na ce ta matso da tabarmar kusa, mu fara daga ɗari tara da casa'in da tara.