Cukun da Gardi Bai Karya Ba

Shekarar da aka tsare yayana a babban gidan kaso, can nesa da garinmu Galma, ni ke kai masa cuku daga wajen Inna. Gardin ƙofa yakan kakkarya shi kaf, ko an ɓoye wani abu, kafin a shigar. Abin yana ƙona mini rai.

Sai rediyo ta ce gwamnati za ta sake fasalin gidan, za ta saurari koken 'yan kaso. Yayana bai iya shiru ba, ya yi maganar ruwan da ake ba su.

Da na koma, gardin ya ji sunansa, ya kau da kai. Ya turo mini cukun, ko gefe bai ɓantara ba. Nan na gane babu sauran wanda za a kai wa a ciki.