Geron da Na Girbe Saboda Majigi

Shekarar da na fara noma gonata a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, wani Bature ya zo ɗaukar hoton majigi. Girbi yake so, alhali gerona bai gama nuna ba. Dagaci ya ce in yanka, to wa ya isa ya musa? Da aka sussuka, ƙaiƙayi ya fi tsaba yawa. Tun kafin bazara rumbuna ya zama wayam, tafasa muka yi ta ci ni da iyalina.

Daga baya tafintan Baturen ya tare ni a kasuwa yana murna, wai an ba maigidansa lambar yabo a Ingila saboda kyan hoton, har dariyata ta fito raɗau. Dariyar ma dagaci ne ya ce in yi.