Nomau a Gindin Tsamiya

Shekara shida ke nan, a wannan bazarar, da aka binne abokina Nomau. Har yau in aka buga ƙarfe a makaranta sai gabana ya faɗi, kafin in tuna kiran yara ne.

Nomau Bamaguje ne, manomi a wata 'yar unguwa tsakanin Ruma da Batsari. Ni kuwa malamin firamare ne, Musulmi, da aka turo yankin. Na ari gona kusa da tasa ina noma yana yi mini dariya. Ya haura hamsin sa'ad da ya yanke shawarar shiga Katolika. A zatonsa aikin yini ɗaya ne: a zuba maka ruwa, ka dawo ka ci tuwo. Sai Malam Yohanna, katikis ɗinsu, wato mai koyar da masu son shiga, ya ce masa shekara biyu ce. Karatu duk Lahadi, a nemo wanda zai tsaya masa shaida, ya rabu da tukunyar tsafin gidansu, Fada, wato limaminsu, ya zo daga gari ya yi masa tambayoyi, a yi azumi, sannan a yi masa baftisma a Ista.

Da yake bai yi boko ba, ni ya kawo wa ɗan littafin tambaya da amsa. Haka aka wayi gari Musulmi na yi wa Bamaguje bitar Katolika a bakin gona, darasin da ba a koya mana a kwalejin horon malamai ba. Wata rana na ce, "Baba Nomau, da wurinmu ka zo, kafin hantsi an gama." Ya ce, "Malam, ku da kuka shekara hamsin kuna jirana, me kuka sani game da sauri?"

Abin da ya fi ci masa rai shi ne wata al'ada tasu. In an gama karatu da wa'azi, kafin a kai ga jibi, wato cin gurasa mai tsarki, akan sallami waɗanda ba a yi wa baftisma ba, su fita su zauna a gindin tsamiyar da ke gaban cocin, inda aka rataye tsohon ƙarfen ƙafar mota da ake bugawa don kiran sujada. Nomau yakan ce bai taɓa ganin gidan da ake sallamar baƙo daidai lokacin da aka sauke tukunya ba. Amma yana fita.

Sai daji ya ɓaci. Aka fara da shanu, aka koma mutane. Ƙarar babur, wadda a da alamar baƙo ce, ta zama abin da ke katse magana a tsakiya. Ba wanda ya shirya hakan, amma waɗanda ake sallama waje suka zama masu gadi, don su kaɗai ke ganin hanya. Nomau ya daina juya wa hanyar baya. Ya roƙi katikis a gaggauta masa. "In suka same ni kafin Ista fa? Na fasa tukunyar kakannina, ku kuma ba ku karɓe ni ba. A wace maƙabarta za a kai ni?" Malam Yohanna ya ce Allah ya san wanda ke tsaye a bakin ƙofa, kuma sannu ba ta hana zuwa. Nomau ya ƙarasa masa karin maganar: sai dai a daɗe ba a je ba.

Ya amsa tambayoyin Fada, ya zaɓi suna Yusufu, aka shiga azumi. Ista ta kusa. Ran wata Lahadi, ana cikin jibi, ya hango babura sun fito daga wajen daji. Rani ne, ba dawa ba gero da mutum zai faɗa ciki, amma akwai kwazazzabo a bayan tsamiyar, kuma sauran masu koyon can suka nufa. Shi ƙarfen ya nufa. Ya yi ta bugu har mutane suka fice ta ƙofar baya, kuma bai daina ba sai da aka harbe shi.

Ba na wurin. Malam Yohanna ne ya ba ni labari. Da maharan suka wuce, ya tarar da shi da sauran numfashi. Dokarsu ta yarda a yi wa mai neman baftisma nan take in mutuwa ta zo, ko ba Fada. Ruwan da aka samu na butar wani maƙwabci ne Musulmi da ya rugo. Da aka zuba masa aka kira shi Yusufu, sai ya buɗe ido ya ce, "Yohanna, ashe ana iya yi da sauri."

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Unguwarsu ta zama kufai, gonarsa da tawa sun haɗe cikin sabara, ba mai raba iyaka. Ajin masu neman baftisma ya koma cikin gari, a tsakar gidan wani, kuma wutar da suke kunnawa a daren Ista yanzu tun da sauran rana ake kunna ta, kowa ya koma gida kafin magariba. Ina jin Nomau zai yi tsaki, ya tambaya ko an rage shekara biyun. Ba a rage ba. Na tambayi Malam Yohanna ko bai yi nadamar jinkirin ba. Ya ce da an yi wa Nomau baftisma da wuri, da ranar yana ciki tare da kowa, ba kowa a gindin ƙarfen.

Ba ni da hurumin yanke hukunci a addinin da ba nawa ba. Abin da na sani shi ne akwai yara a ajina da iyayensu suka fita ta ƙofar bayan nan. Kuma har yanzu, in an sallami masu koyo suka fito waje, ba wanda ke gaya musu inda za su fuskanta. Hanya suke kallo.