Tsarabar da Ta Kusa Raba Ƙanena da Aikinsa

Asabar: Katsina zuwa Kano

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na bar gida. Na biya ta ɗakin mahaifiyarmu, Inna, na tarar da ita a kan sallaya. Saƙonta biyu ne: in gaishe da ƙanena Lawal, wanda ya shekara tara yana tuƙin motar kaya a Makka, in kuma sayo mata habbatus sauda. Motar haya ta cika ƙarfe shida. Kilomita ɗari da saba'in ne zuwa Kano, muka yi su cikin awa biyu da rabi, har da tsayawa a shingen bincike na Kankiya da na Bichi. Jirginmu ya tashi bayan isha'i.

Lahadi: Istanbul

Mun sauka da hantsi, aka ce sai mun jira awa goma sha huɗu, kuma ba mu da izinin fita gari. Na shekara goma sha tara ina karanta labarai a gidan rediyo, ba na furta abin da ban tantance ba. Amma a wani shago cikin filin jirgin na ga ƙunshin wasu ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe, da hoton jan fure a jikin ledar, na yanke wa kaina hukunci cewa habbatus sauda ce, irin ta Turkiyya. Rubutun da Turkanci yake, ban tambayi kowa ba. Na sayi ƙunshi ɗaya domin Inna. A shagon da ke kusa na ƙara da burodi shida masu wani abu ruwan ƙasa a ciki, mai kama da tunkuza, domin ba a shiga gidan ƙane hannu rabbana. Da na sa tufafin harami, na naɗe burodin cikin kaftanina na zuba a wata jaka daban.

Litinin: Jidda zuwa Makka

Ƙarfe bakwai da minti goma na safe muka sauka. A wurin kwastan wani jami'i ya buɗe jakar hannuna, ya ɗaga ƙunshin.

"Mene ne wannan, Alhaji?"

"Habbatus sauda," na ce da 'yar Larabcina.

Ya zuba kaɗan a tafin hannunsa, ya miƙo mini. "Shinshina."

Babu ƙamshi ko kaɗan. Ya ce sunanta kashkash, 'ya'yan furen da ake tatsar ofiyom, wani abin maye, daga jikinsa ne. A Turkiyya da Indiya da Turai abinci ce, amma a Saudiyya an hana shigo da ita. Awa ɗaya da minti arba'in na yi a wani ƙaramin ofis. Suka ƙwace ƙunshin, suka rubuta takarda cewa na shigo da shi bisa rashin sani, na sa hannu, suka ba ni kwafi. Na cusa ta a jaka cike da kunya. Burodin kuwa ko tunawa da shi ban yi ba.

Lawal na jirana a waje. Da ya ji labari sai da ya riƙe ciki don dariya.

"Yaya, kai da kanka? Wa ke kawo habbatus sauda Makka? Ai ka kai goro Gwanja!"

A hanya ya ba ni albishir. Wani kamfanin jigilar alhazai ya ɗauke shi direban bas, za su mayar da iƙamarsa, wato takardar zamansa, ƙarƙashinsu. Tsohon ubangidansa ya riga ya sallame shi. Saura gwajin fitsari kawai, gobe ƙarfe takwas. Muka wuce shingen Shumaisi ƙarfe goma da rabi, ya ajiye ni a unguwar Misfala, ya wuce gida da kayana, ni kuma na taka zuwa Ka'aba. Abin da na ji da na hango ta ba zai shiga wannan rahoto ba. Na gama umra bayan azahar.

Ƙarfe huɗu na isa gidansu a unguwar Ka'akiyya. Matarsa Hadiza, haifaffiyar Makka, ta tarbe ni da shayi.

"Yaya, wallahi burodinka laziz, akwai daɗi. Baban Maryam ya cinye uku, ko ɗaya bai so ya bar mana ba." Haka take kiran Lawal.

Ledar burodin na kan faranti. A gefenta akwai hoton jan furen nan.

Na ajiye kofin. Na karɓi wayar Lawal na yi rubu'in awa ina bincike, abin da ya kamata in yi tun a Istanbul. Ƙwayar da kanta ba ta sa maye, amma ƙaron furen kan manne mata lokacin girbi, kuma burbushinsa kan fito a fitsari har kwana biyu ko uku. Na faɗa musu kamar yadda nake karanta labarin rasuwa, ba ƙari ba ragi.

Dariyar Lawal ta ɗauke. "Idan ya fito, ba aikin kaɗai ba ne, Yaya. Jirgi za su sa ni."

"Ka sha madara da ruwa da yawa, khalas," in ji Hadiza.

"Ko in ce ba ni da lafiya."

"Kai da ka ce wanda bai zo ranarsa ba an cire sunansa?" na ce. "Gobe tare za mu je. Ni na kawo, ni zan yi bayani."

"Ka kai kanka kenan."

"An riga an kama ni, Lawal. Har da takarda."

Talata: asibitin kamfani

Mun isa ƙarfe bakwai da rabi, direbobi sun fi ashirin a layi. Kafin a miƙa wa Lawal kwalba na nemi ganin likita, wani dattijo ɗan Sudan. Na ajiye masa takardar kwastan da ledar burodin, na yi bayani a jere: inda na saya, lokacin da aka ci, guda nawa. Ya karanta takardar sau biyu, ya dubi Lawal.

"Uku?"

"Uku, likita."

"Yunwa ce ko daɗi?"

"Tsarabar yayana ce," in ji Lawal, murya ƙasa ƙasa.

Likitan ya ce da mun yi shiru an gwada, da hannunsa ba zai iya goge sakamakon ba, kuma da baki kawai muka zo, da bai saurare mu ba, don kullum yana jin irin wannan. Ya buga wa shugaban direbobi waya, suka yi minti shida suna magana, sannan ya rubuta cewa Lawal ya dawo ranar Lahadi. Da muka koma gida Hadiza ta riga ta zubar da sauran burodin.

Sauran kwanaki

Na yi su tsakanin Harami da Ka'akiyya, minti ashirin a mota idan hanya ta yi kyau. An yi gwajin ranar Lahadi, sakamako ya fito Talata da safe, babu komai. Lawal ya shigo da rigar aikin kamfanin a kafaɗa. Da yamma ya ja ni wani shagon kayan ƙamshi a Misfala, ya ce wa mai shagon, wani Bazazzage, "Ba wa yayana habbatus sauda, amma ka bari ya shinshina tukuna."

Alhamis: gida

Na dawo ta jirgin da ke zuwa Kano kai tsaye, na shiga Katsina ƙarfe biyar da rabi na yamma. Inna ta ji labarin duka ba ta katse ni ba. Ta kwance ƙullin, ta murza ƙwaya biyu tsakanin yatsunta, ta kai hanci.

"Wannan ita ce. Duk karatunka, ba ka san tana da kusurwa ba?"

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina gode wa Hadiza da ba ta taɓa goranta mini ba, da likitan da ya tsaya ya karanta, da jami'in da ya tsare ni awa ɗaya da minti arba'in. A ofishinsa na ji haushinsa. Takardarsa na nan cikin fasfona, Lawal kuwa yana ɗaukar alhazai daga Jidda.