Gumbar Sadakar Yaya Lawali

Bana shekara tara ke nan da muka binne yayana Lawali a Gangara, kuma har yau ban huce ba.

Yaya ya yi lakol, wato karatun boko, har Yamai, ya dawo da aiki guda: binciken yadda ƙwayoyin halittar gero ke girma. Yakan yanka kara siriri, ya sa a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, ya wuni yana kallo. Burinsa ya samu irin da zangarniyarsa za ta cika ko ruwa ya ɗauke da wuri, karansa kuma ya yi kaurin da za a sarrafa shi a samu man mota. Mutanen gari suka sa masa suna Likitan Kara. Shi dariya yake yi, ni ce nake jin haushi.

Damina bayan damina yana zaɓe yana zubarwa, har abin ya tsaya a kan 'yan dammunan gero da ya ɗaure da jan ƙyalle, ya keɓe a rumbu. Duk wahalarsa tana cikinsu. Sai zazzaɓi ya ɗauke shi kafin shuka.

Ranar sadakar uku, Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya sa aka fito da dammunan nan a daka gumba. Na riƙe ƙofar rumbu ina kuka, ina faɗa masa iri ne.

Ya ce, "Ke ɗiyar nan, kauce. Mi za a yi da iri, mai shi na cikin ƙasa? Mamaci sadaka yake so."

An ce rashin sani ya fi dare duhu, amma Baffa ya sani. Nasa rumbun cike yake, ƙyashin taɓa shi ya yi. Ina tsaye aka sussuke, aka surfe, aka daka, aka raba.

Da Yaya zai leƙo yau, zai tarar ruwa na yanke mana tun gero bai yi ido ba, masu yi masa dariya suna layin neman irin da ke nuna da wuri, Baffa a gaba da sandarsa. Na san shi, tausayinsu zai ji. Ni ban ji ba, Allah ya yafe mini.

Me ya rage na Lawali? Madubin yana akwatina, ban iya aiki da shi ba. A gari kuwa ba a manta da shi ba. In an ambaci sunansa, sai ka ji wani ya ce, "Allah ya jiƙan shi, ba mu taɓa cin gumba mai daɗin ta sadakar shi ba."